“As!”: Ƴar Kalmar da Ke Tsaron Tasa, Shanya da Gona

Da za a ce a ƙidaya kalmomin da suka fi fita daga bakin mai sayar da hatsi tun daga hantsi har la'asar, da mun ce bayan “albarka” da “kawo kuɗin” babu wadda za ta kamo ƙafar “as!”. Ana jin ta a layin hatsi na Kadro a Maraɗi, ana jin ta a Kasuwar Dole ta Damagaram, haka a Tawa da Ƙonni da Madawa, balle kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako, inda babu ko shinge tsakanin rumfuna da gidajen mutane. Harufa biyu ne kacal. Ba a koyar da ita a lakwal, amma duk ɗan da ya tashi gidan Bahaushe ya iya ta tun bai iya ƙirga dala goma ba. A wannan karo mun ga ya dace mu tsaya a kanta, ita da babbar yayarta “kora”, domin abin da ke bayansu ya shafi aljihun ƴan kasuwa, ya shafi zaman maƙwabtaka, wani lokaci ma har ya shafi rayukan jama'a.

Mece ce “as”?

“As” kalmar korar kaji ce da danginsu na gida, wato zabi da agwagi da tantabaru. Ba ta da jam'i, ba ta da namiji ko mace, kuma ba a saka ta cikin zance a natse kamar sauran kalmomi. Daka ta ake yi. Ƙarfinta yana ga ƙarshenta, shi ya sa za ku ji mace ta ja ta, “asss!”, tana haɗawa da kaɗa faifai ko gefen zane, ko tafi ɗaya mai ƙarfi. Kaza ba ta jin Hausa. Abin da take ji shi ne wannan huci da motsin hannun da ke biye da shi, kuma tun tana ƴar tsako ta gane cewa wani lokaci tsakuwa na biyo bayansu.

Kowace dabba da irin muryar da ake yi mata. Akuya da tunkiya mafi yawanmu “kai!” muke daka musu, tare da ɗaga kara. Kare akan ce masa “fita!”, in kuwa ana so ya bi wani abu sai a cuna shi, daga nan ne muka samu “ya cuna mini mutane”. “Kule” kiran kyanwa ne, ga shi kuma ya shiga bakin masu neman faɗa, inda za ka ji an ce “in ka ce kule, sai in ce cas”. Makiyayi kuwa yana da tasa hanya dabam: fito, da ƙyasta harshe, da kiran kowace saniya da sunan da ya laƙaba mata bisa launinta ko ƙahonta. Shi ya sa yaro ɗan shekara 10 zai juya garken shanu 50 da murya kawai, alhali ƙato baƙo zai yi ta ihu da sanda su ƙi ko ɗaga kai.

Akwai ladabi guda da kowa ya sani ko da ba a faɗa masa ba: ba a ce wa mutum “as”. Uwa takan yi wa ƙananan ɗiyanta cikin wasa in sun kewaye tukunya, a yi dariya a wuce. Amma ranar da mai rumfa ta ce wa almajiri ko ɗan dako “as”, ta mayar da shi kaza ke nan, kuma duk wanda ke wurin zai ji abin a ransa. Talaka yana jure a ce masa “Allah ya ba da haƙuri”, ba ya manta wanda ya kore shi da muryar dabba.

Mai kaza a aljihu

Inda wannan kalma ta fi yin suna shi ne cikin karin maganar nan da ke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin “as”. Ku dubi hoton da magabata suka zana. Mutum ya saci kaza ya cusa cikin aljihun babbar riga, ya shigo cikin mutane ya zauna kamar ba shi ba. Can gefe wata mata ta daka wa kajin maƙwabta “as!”, ba ta ma san da zamansa ba. Shi kuwa gabansa ya faɗi, domin ya san ta cikin aljihu ma tana da kunne, in ta motsa asirinsa ya tonu. Sai ya fara tsawa, wai a daina damun mutane da hayaniya.

Babu inda wannan magana ta fi zama daidai kamar kasuwa. Ranar da sarkin kasuwa ya ce za a zagaya a duba tiyoyi, masu tiya ta ƙwarai ci gaba suke yi da awonsu. Wanda ya bubbuge gindin tasa don ta rage ci, shi ne za ku ji yana cewa an raina ƴan kasuwa. In aka yi zancen masu zuba rairayi cikin hatsi, ko masu jera manyan albasa a bakin buhu su ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko masu tsarma madara da ruwa, ba a kama sunan kowa ba, amma sai an samu wadda za ta miƙe ta ce da ita ake. Mu kuwa sai mu ce, ƴar'uwa, in babu kaza a aljihunki, me ya haɗa ki da “as”?

Kora da danginta

In “as” ita ce muryar, aikin kansa sunansa kora. Kalma ce mai rassa da yawa, kuma kowane reshe da inda ya dosa. Muna cewa “ta kori akuya”, “ta kore ta”. In aka ce “an kore su”, to an raba su da wurin gaba ɗaya. In aka ce “koro”, abin ya fuskanto wajen mai magana: “yaro ya koro tumaki gida”, ko kuma kamar yadda ake cewa, abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Akuyar da ta riƙa, wadda ko an jefe ta sai ta dawo, ita ce ake cewa “ba ta koruwa”. Wanda aka raba da aikinsa ko garinsu korarre ne, in kuma da wulaƙanci aka yi sai a ce an yi masa korar kare. Har a wajen abinci tana nan: an ci tuwo an kora da ruwa, an sha hura an kori yunwa. Kada dai a haɗa ta da “kore” na launin ganye, ko “ƙora” mai cin gashin kai, waɗannan gidansu dabam.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kalmar tana da fuska biyu. Mai gona yana korar shanu, makiyayi ma yana kora shanu. Na farko so yake su rabu da shi. Na biyu kuwa sa su yake a gaba yana bin su, zuwa rijiya ko makiyaya ko kasuwa. Mai korar farko yana ganin ɓanna ce ta tunkaro shi, mai kora ta biyu dukiyarsa ce yake lallaɓawa. Dabba guda, sanda iri guda, kalma guda, amma zuciya biyu. Yawancin rigingimun da za mu ambata nan gaba daga wannan mahaɗa suke tashi.

Ƴan kore

Akwai mutanen da wannan kalma ta zame musu sana'a, su ne ƴan kore. Falke ya sayi shanu ko tumaki a kasuwannin arewa irin su Abalak, Dakwaro ko Tanut, sai ya danƙa su ga ƴan kore su taka da su a ƙasa zuwa kudu, har kasuwannin bakin iyaka kamar Illela, Jibiya, Mai'aduwa da Maigatari. A zamanin kakanninmu tafiyar ta fi haka nisa. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da ƙafa ake kai bisashe har ƙasashen kurmi, ko bayan zuwansa ma an daɗe ana haka. Yau manyan motoci sun ɗauke mafi yawan aikin, amma har yanzu daga ƙauye zuwa kasuwa, ko daga wannan kasuwa zuwa waccan, ɗan kore ne gatan falke.

Duk wanda ya taɓa ba da kore ya san cewa gwanin ɗan kore ba a gane shi da yawan duka. Wanda ke gaggauta bisashe cikin rana, ya hana su tsayawa kiwo da shan ruwa, zai iso da wuri amma zai iso da ramammu, kuma abin da suka zubar na nama a hanya daga aljihun mai su ya fita. Sa mai tabon sanda a gadon baya, dillali na ganinsa zai rage kuɗi. Jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, wadda har aka kafa mata cibiyar kiwo a Maraɗi tun shekarun 1960, fatarta ce ta yi mata suna wajen majema. Fatar da aka farfasa da bulala ko ƙaya kuwa ta faɗi daraja tun akuyar na da rai. Ashe ko a wajen kora, sauƙin hannu riba ne.

Abin da kaza ke ci a rumfa

Wani zai ce, don ƴan tsabar da kaza ta tsattsaga har sai an cika shafin jarida? To mu yi lissafi. Mu ɗauka tiyar hatsi tana dala 140, wato sefa 700. In kaji da awaki suka ci ko suka zubar da kwatan tiya kowace rana, dala 35 ke nan. A wata guda ya zama dala 1050, wato jika 5 da dala 50. Matar da ribarta a kan tiya ba ta wuce dala 10 ba, sai ta auna tiya 105 kafin ta mayar da abin da ya tafi a bakin dabbobin da ba nata ba. Wannan fa ba a sa ranar da bunsuru zai ture tasar mai ko ya tsoma baki cikin ƙwaryar nono ba, inda jarin gaba ɗaya ke tafiya cikin ƙiftawar ido.

Bayan asara akwai zancen lafiya. Kazar da ta gama tona juji ita ce za ta hau kan shanyar kuɓewa ko garin rogo da ƙafafunta. Mai saye yana gani, ko bai yi magana ba gobe ba zai dawo ba. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya, yadda cinikin kaji da ƙwai ya faɗi warwas, masu kiwo da masu sayarwa suka ji a jikinsu. Tun daga lokacin ya kamata a ce kowace kasuwa ta raba layin kaji da layin abinci.

Su ma dabbobin yawon kasuwa ba alheri ba ne gare su. Abin da suka fi samu a can shi ne leda mai ƙanshin mai ko gishiri. Mahauta sun sha fasa tumbin akuya su tarar da dunƙulen leda, dabba tana ci tana ramewa har ta mutu mai ita bai san dalili ba. An kafa dokar hana shigo da leda da sayar da ita a ƙasar nan a 2014, amma kowa ya leƙa bayan kasuwa ya ga abin da ke maƙale a ƙaya. Wadda ta saki akuyarta ta tafi kasuwa kiwo don ta huta da sayen dusa da harawa, sau da yawa akuyar gaba ɗaya take biya.

Sai kuma rigimar maƙwabta. Kora tana da iyaka, kuma matan kasuwa sun san ta. A daka tsawa, a kaɗa faifai, a ɗaga kara, duk babu laifi. Amma jifa da dutsen da zai karya ƙafa, ko watsa ruwan zafi ko tafasasshen mai, ko zuba guba cikin dusa, wannan ya tashi daga kora ya koma mugunta, kuma mai yin haka ta tashi daga mai gaskiya ta koma mai biya. Akwai wata ƙaramar rashin kunya da ita ma ke haddasa faɗa: ki kori akuya daga tasarki ki koro ta kan ta maƙwabciyarki. Kun ga amfanin sanin bambancin “kora” da “koro”. In za ki kora, ki kora ta waje, bakin hanya.

Dokar da ta shafi bisashe masu yawo cikin gari ta bai wa ma'aikatar magajin gari ikon kama su ta tsare, mai su ya biya tara da kuɗin ci da sha kafin a sako masa. Babbar kasuwar dabbobi ta Yamai sunanta Turaku, kuma sunan kaɗai ya isa wa'azi: maganin dabba cikin gari turke ne da igiya.

Daga kasuwa zuwa gona

Hatsin da muke karewa a tasa, tun a gona aka fara kare shi. Ranar shuka ana fama da makwarwa da zabin daji masu bin rami suna tone iri, har Hausawa suka ce wanda ya yi aikin banza ya yi shuka a idon makwarwa. In hatsi da dawa suka fitar da kai, sai jan baki ya sauko, tsuntsun nan ƙarami mai tafiya dubbai, wanda masu shinkafa a bakin kogin Kwara da masu noman rani a Ƙonni da Jiratawa suka san zafinsa. Nan “as” ba ta isa. Sai a kafa mutum-mutumi da tsumma, a ja igiya a rataya gwangwanaye, a ɗora yara kan rumfa tun asuba da majajjawa suna ihu har faɗuwar rana. Duk tiyar da ta iso kasuwa, akwai muryar wani yaro da ta dushe a kanta.

Tsuntsu dai ba shi da mai shi, ba a kai ƙararsa gaban sarki. Saniya da raƙumi da tunkiya kuwa suna da masu su, nan ne kora ke zama magana babba. Da damina garkuna kan hau arewa, wajen Ingal da Azawak da Tadres, su bar wa manoma ƙasa. In kaka ta yi, tabkunan arewa suka fara ƙafewa, sai su gangaro kudu, lokacin kuwa wani bai gama kwashe damunansa ba, wake ma yana kwance a gona. A ƴan makonnin nan ne ake samun mafi yawan ɓanna.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba wannan gardama: da rana mai gona ne ke da nauyin tsaron gonarsa, da dare kuwa mai dabba ne ke da nauyin tsare dabbarsa, abin da ta ɓata cikin dare shi zai biya. Cikin Suratul Anbiya ma an ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana a kan tumakin da suka shiga gonar mutane da dare. Wannan ya nuna mana matsalar ta girmi kowa, kuma tun can da shari'a ake kashe ta.

Ita ma hukumar ƙasa ta yi nata tanadi. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, abin da ke bayanta ƙasar kiwo ce. Wata doka ta 1987 ta tsara yadda bisashe za su ratsa ƙasar noma, ta ce a ƙiyasta ɓannar gona a biya mai ita, ta kuma ce wanda ya kashe dabbar wani zai biya kuɗinta na kasuwa, wanda ya ji mata rauni ya biya wani kashi. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa babbar dokar karkara mai lamba 93-015, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har zuwa sama. Sannan dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da dukiyarsu, ta kare burtali da makiyaya da mashaya. Kowace shekara kuma hukumomin jiha ne ke sa ranar sakin gonaki, bayan an yi shawara da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Kafin ranar, dabba ba ta da hurumin shiga gona. Bayan ranar, wanda ya bar damunansa a fili ya yi sakaci, mai garka kuma ya san shinge a wuyansa yake.

Saboda haka abin da ya dace ga wanda ya tarar da bisashe a gonarsa a fili yake. Ya kore su ba tare da sara ko karya ƙafa ba, ko ya kora su zuwa wajen mai gari. Ya kira shaidu su ga ɓannar tun sawu bai ɓace ba. A zauna gaban sarki da wakilan ɓangarorin biyu a sasanta, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. In sulhu ya gagara, sannan a wuce gaban alƙali. Shi kuma makiyayi ya san cewa tura yaro ƙarami da garke babba kusa da gonakin da ba a kwashe ba neman magana ne, haka manomin da ya shuke burtali ko ya kewaye bakin rijiya da gona ya toshe wa dabba hanya, sannan ya zo yana kukan ta bi ta kansa.

Mun san abin da ke faruwa in aka tsallake wannan hanya. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, ta ci rayukan mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. A watan Nuwamba na 2016 irin wannan ta sake faruwa a Bangi, cikin yankin Madawa, aka rasa kusan mutum 20. Babu gonar da kuɗinta ya kai haka. Kuma mu ƴan kasuwa kada mu ɗauka abin daga nesa yake. Duk garin da aka yi irin wannan, mai nono takan daina shigowa, kasuwar bisashe ta mutu, mai hatsi ya rasa wanda ya fi saye a hannunsa, dillali da mahauci da mai tuwo-tuwo duk su zauna hannu rabbana.

Waɗanda ba su jin “as”

Akwai baƙin da kora ba ta yi musu komai. A 2004 da fara ta sauko ƙasar nan, an buga gwangwanaye, an yi hayaƙi, an kaɗa rassa, ta ci abin da za ta ci ta wuce. Ga ƙarancin ruwa ya haɗu da ita, sai aka wayi gari cikin yunwar 2005 wadda Maraɗi da Damagaram da Tawa ba za su manta ba. Irin wannan aikin hukumar kare tsirrai ne, abin da ke kan talaka shi ne ya kai labari da wuri.

Akwai kuma waɗanda doka ta ce a kora amma kada a taɓa. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har suka koma wajen 50 a 1996. Da aka tsare su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Suna shiga gonakin wake suna ci, manoman yankin kuma sun koyi korarsu da hayaniya ba tare da makami ba. In har an iya haƙuri da dabbar da ba ta da mai ita, ta maƙwabci ta fi cancanta.

Kora da hali

Magabata sun ce kora da hali ta fi kora da kara, kuma a kasuwa ne ake ganin gaskiyar wannan kullum. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki sanda ya bi mai saye, amma da yawa suna korar ciniki ba su sani ba. Ɗaure fuska kora ce. Mutum ya taya a harare shi maimakon a ce “albarka”, kora ce. Tauye mudu, da rantsuwar ƙarya, da barin ƙuda kan nama, da tsawwala kuɗi don an ga baƙo, duk kora ce. Bambancin kawai shi ne kaza in an ce mata “as” takan zagayo bayan ɗan lokaci, mai sayen da hali ya kora kuwa ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa mutum goma.

A ƙarshe muna kira ga ma'aikatun magajin gari da sarakunan kasuwa da su kewaye layukan abinci, su ware wa kaji da bisashe nasu wuri, su kuma riƙa kwashe leda. Kuɗin tikitin da ake karɓa hannun mata kowace ranar kasuwa ya isa a ga wani abu a ƙasa. Masu kiwon cikin gari su ɗaure dabbobinsu, ko su haɗa kuɗi su ba makiyayin unguwa kamar yadda aka saba a da. Hukumomin jiha su riƙa sanar da ranar sakin gonaki da wuri, a gidajen rediyo da kasuwanni, cikin Hausa da Fulatanci da Tamashek, yadda babu wanda zai ce bai ji ba. Ku kuma iyayenmu mata masu tasa da faifai, ku ci gaba da daka wa kaji “as” da ƙarfinku, haƙƙinku ne, sai dai a rufe abinci, a sassauta hannu wajen jifa, kuma a bar ta ga kaji kaɗai. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.